Kwanar da Tahiel Ya Manta

Duk wanda ya ce maka ɗan tseren allo ba ya jin tsoro, ko dai bai taɓa hawa dutsen nan namu ba, ko kuma maƙaryaci ne. Suna ji mana. A saki ƙarti huɗu lokaci guda a kan hanya ɗaya mai kwana-kwana da tuddai, kowa ƙafafunsa biyu a ɗaure jikin allo, suna gangarowa kan ƙanƙara da gudun mota, kafaɗa na gugar kafaɗa, a ce babu tsoro? Sai dai kowa da inda yake ɓoye nasa. Eliseo Painemil a ciki nasa yake zama, shi ya sa ranar tsere ko ruwan shayi ba ya iya haɗiyewa. Amma tsoron da ya wayi gari da shi ranar Asabar ɗin nan ba irin wanda ya saba ba ne, don ba kansa yake ji wa ba, ƙanensa Tahiel yake ji wa.

Shekarar ce aka kawo gasar kofin duniya ta tseren allo garinmu, cikin watan Satumba, sanyi na shirin sakin mu. Turawa sun cika masaukan bakin tafki, ko'ina ka juya sai yaren da ba ka ji. Cikin duk waɗanda suka tsallake zuwa ranar ƙarshe, 'yan Ajantina biyu ne kacal, su ma uwa ɗaya uba ɗaya. Eliseo ne babba, ya haura talatin, gwiwarsa ta sha wuƙar likita, kowa ya san daga bana ya ajiye allo. Tahiel kuwa yanzu tauraronsa ke fitowa. Hotonsa na manne a gidan burodi da tashar mota, 'yan mata har da masu rubuta sunansa a kumatu. Mahaifiyarsu, Doña Ermelinda, wadda ta tsufa tana soya fanke a gindin dutsen tana sayar wa masu yawon buɗe ido, ta gayyato dangi tun daga ƙauyukan bayan tafki, su zo su ga autanta ya kunyata Turawa.

Abin ya faru ne ran Juma'a, wajen gwaji. Tudun tsalle na ƙarshe, wanda yaran suka laƙaba wa suna Suruka saboda ba a tunkararta da rawar kai, ya riƙa cilla mutane nesa fiye da ƙima. Ƙanƙara ta daskare, gudu ya yi yawa. Mutum uku sun faɗi kafin azahar. Na huɗu shi ne Tahiel, kuma Eliseo na biye da shi, don haka ya ga abin da sauran ba su gani ba: ba da baya ya sauka ba, da ƙeya ya sauka. Ya kwanta shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙe yana dariya, ya ɗaga wa masu gadin hanya hannu, ya sulale ƙasa abinsa.

Sai a wurin ajiye motoci Eliseo ya karɓi hular kwanon Tahiel ya juya ta. Ta tsage daga ƙeya har kusa da kunne.

"Kai, ka ga hular nan kuwa?"

"Na gani. Ba ni taka ta ajiya."

"Taso mu je wurin likitar gasa."

"Yaya, don Allah." Tahiel ya riƙe masa hannun riga. "Ka san abin da za ta ce. Ba sai ta duba ni ba ma, hular kawai za ta gani."

Ya sani mana. Doka ce, kuma ba don mugunta aka kafa ta ba: hular da ta fashe, kan da ke cikinta sai likita ya gani, in likita ya gani kuwa, kai da allo sai bayan makonni. Ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta warke ba, in ta sake buguwa, ko ba da ƙarfi ba, sai dai a yi wa mutum addu'a. Eliseo da kansa ya taɓa ɗaukar makarar wani ɗan Chile da hakan ta faru da shi.

"Kaina garau yake," in ji Tahiel. "Tambaye ni komai. Sunan karen maƙwabta? Ranar haihuwar Mama? Wadda kai ba ka taɓa tunawa ba?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. A gida ake yi, Yaya. Sai yaushe za a sake kawowa gida? Kai ka yi naka, ka zaga duniya. Ni rana ɗaya nake roƙonka." Sannan ya ƙara da wadda ta fi ciwo. "Kuma ka san rukuninmu ɗaya gobe. In ka kai ni ƙara, me kake so gari ya ce?"

Wannan ce ta karya Eliseo. An riga an fitar da jadawali, zagayen farko ya haɗa su biyun da wani Bafaranshe da wani ɗan Ostiriya, biyu su wuce, biyu su koma gida. Wan da tauraronsa ya dushe ya je ya cire ƙanensa daga tsere ana gobe za su kara, wa zai yarda tausayi ne? Ya buɗe but ɗin motarsa, ya cusa fasasshiyar hular ƙarƙashin tayar safaya, ya miƙa masa tasa ta ajiya. Wauta ce, kuma ya san wauta ce tun hannunsa bai bar kan but ɗin ba.

Asabar ta waye da hazo. Ba irin mai baƙi ba, irin farin nan da ke haɗe sama da ƙasa, mutum ya kasa bambance tudu da rami sai ya ji a gwiwarsa. Ma'aikata sun bi hanyar suna fesa shuɗin layi a bakin kowane tudu, amma a gudun tsere, kafin ido ya ga layi ƙafa ta wuce shi. A irin wannan rana ba da ido ake tsere ba, da hadda ake yi.

Alƙalai kuma sun taɓa hanyar. Saboda faɗuwar jiya, sun hana a miƙe kai tsaye zuwa Suruka. Motar tura ƙanƙara ta gina bango a tsakiyar tsohuwar hanyar, an kafa raga da turakun ƙarfe a bayansa, an karkatar da tutoci dama, an yi sabuwar kwana mai tsauri wadda dole mutum ya rage gudu kafin ya shige ta. Da safe aka bar 'yan tsere suka bi hanyar a hankali, suna zamewa a kaikaice, suna tsayawa suna kallo. Kocinsu, Basualdo, tsoho mai gashin baki da muryar da ta sha taba, ya tsayar da su daidai wurin.

"Ku buɗe ido. Jiya nan miƙewa ce, yau kwana ce. Wanda ya miƙe, sai dai a kankare shi daga jikin ƙarfen can."

"An sa wa Suruka mai gadi ke nan," in ji Tahiel.

Basualdo ya yi dariya har da tari. Eliseo ma ya ɗan ji sanyi a ransa, ya ce wanda ke iya zolaya ai kansa na aiki. Da ma an shirya kowa zai yi gwaji ɗaya da gudu a kan sabuwar hanyar, sai iska ta taso ta tsayar da kujerun da ke hawa da mutane, lokaci ya ƙure, 'yan talabijin suka ce ba za su jira ba. Aka soke gwajin.

A can sama, bayan rumfar tashi, Basualdo ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, ya fara zagayawa da shi kafin ya gangara inda zai tsaya. Da ya zo kan Tahiel, sai ya kau da kai.

"Yau kuma? Kai da ke shanye na mutane?"

"Cikina ne, Koci."

"Tsoro ne, ɗan nema. Yana da kyau, yana sa gudu." Ya buga masa kafaɗa, ya ɗauki rediyonsa ya sulale cikin hazo.

Ba tsoro ba ne. Eliseo ya ga lokacin da Tahiel ya zaga bayan rumfa, ya kuma ga yadda ya tura ƙanƙara da takalmi ya rufe abin da ya amayar.

'Yan tseren allo suna da wata al'ada. Kafin a kira mutum, sai ya koma gefe ya rufe ido, ya bi hanyar a cikin kansa tun daga ƙofar tashi har layin ƙarshe, hannuwansa na nuna kowane tudu da kowace kwana, gwiwoyinsa na lanƙwashewa suna miƙewa. Baƙo ya gani sai ya ce masu aljanu ne suka taru. Wanda ya san hanyar kuwa, daga hannun mutum zai karanta inda ya kai.

Eliseo bai yi nasa ba, ya tsaya yana karanta hannun ƙanensa. Ga tuddan farko, hannu ya yi sama ya yi ƙasa. Ga kwanar hagu, ga ta dama mai faɗi. Ga tsallen tsakiya, Tahiel ya ɗaga kafaɗa ya sauke. Ga tagwayen tuddai, ga doguwar gangara. Nan ya kamata jiki ya kwanta dama, hannu ya ja baya. Sai hannuwan suka miƙe gaba, Tahiel ya durƙusa ya dunƙule kamar mai neman ƙarin gudu, ya tashi sama a kan Suruka, ya buɗe ido yana murmushi.

Hanyar jiya ya bi.

Eliseo ya matsa kusa da shi.

"Ka tsallake sabuwar kwana."

"Wace kwana?"

"Kafin Suruka. Wadda Koci ya nuna mana ɗazu. Kai da bakinka ka ce an sa mata mai gadi."

Tahiel ya dube shi ta cikin tabarau. Na ɗan lokaci fuskarsa ba komai a kanta, kamar gidan da aka kwashe kaya. Sannan ya yi dariya. "Na sani mana. Gwada ka nake yi, tsoho."

"Sake yi in gani."

"Kai ne kocina yanzu?"

"Sake yi, Tahiel."

Ya sake, ya sa kwanar a inda take, har da ƙarin salo don ya ba wansa haushi. Eliseo ya koma ya zauna yana ɗaure takalmi, yana ce wa kansa shi ke nan, ya shiga. Rukuni biyu suka tashi. Aka kira na gabansu. Ya ɗaga kai, sai ga Tahiel can gefe ya sake rufe ido shi kaɗai, ba don kowa ba. Tuddan farko. Hagu. Dama. Tsalle. Tagwaye. Gangara.

Hannuwan suka sake miƙewa gaba.

Abin da aka zuba a kan nan tun daga faɗuwar jiya ba ya zama, tsiyayewa yake yi. Na da yana nan daram. Nan da ɗan lokaci kaɗan yaron nan zai gangaro cikin hazo da iyakar gudunsa, ya dunƙule, ya nufi bangon ƙanƙara da turakun ƙarfe yana ganin hanya ce a buɗe.

Eliseo ya miƙe. Alƙalin tashi na tsaye bakin rumfa, wani dogon Bature da rediyo a ƙirji. Taku kaɗan ne tsakaninsu, kalma kaɗan ce kuma za ta wadatar, Turancinsa ya kai wannan. Ya fara tafiya. Sai ya ji an damƙe masa hannu.

"Ina za ka?"

"Ka sake mantawa."

"Ban manta ba."

"Na gani da idona, ka miƙe!"

"Rage murya." Tahiel ya matso har hulunansu suka haɗu. Muryarsa na rawa, ba a san ko fushi ba ne ko shi ma ya fara jin abin da ke damunsa. "Wallahi, Yaya, in ka buɗe baki, ba ni ba kai. Ko a jana'izar Mama ba zan tsaya kusa da kai ba. Ka ji na rantse."

Daidai nan aka kira sunayensu.

Ni dai ba zan wanke Eliseo ba. Ya kamata ya fizge hannunsa ya yi ihu, kowa ya ji, in ya so a tsane shi har abada. Bai yi ba. Tsoro iri biyu ne suka haɗu suka danne shi, na mutuwar ƙanensa da na bakin mutane, kuma abin kunya, na biyun ne ya riƙe masa harshe. Ƙafafunsa suka kai shi cikin ƙofa kamar ba nasa ba. Ya ɗaure allo. Ya kama maƙallan ƙarfen. Tahiel na ƙofar da ya zaɓa, can dama, yana kaɗa kai kamar mai jin kiɗa. Daga ƙasa ana jiyo gangunan mutanen gari, sama-sama, iska na kawowa tana mayarwa.

Baturen ya faɗi kalmomin nan da kowa ya haddace. Ƙofofi suka faɗi.

Tahiel ya fita kamar an harbo shi. Jiki ai bai manta komai ba, tuddan farko ya haɗiye su kafin sauran su gama na biyu. Bafaranshen ya bi shi, ɗan Ostiriya na uku, Eliseo na ƙarshe. Da ma tun da gwiwa ta lalace ba ya fita ƙofa da kyau.

A nan ne tunani ya zo masa, a makare, amma sarai. Ba wanda zai iya tsayar da tseren yanzu. Ihu ba zai kai ba, iska ta cinye. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke shirin faruwa, kuma mutum biyu ne tsakaninsa da Tahiel. Dole ya kamo Tahiel kafin ƙarshen doguwar gangara, yaron da ya yi shekara uku bai ga komai nasa ba a tsere sai baya.

Kwanar hagu. Ya shige ta ciki, inda ƙanƙara ta fi tauri, allonsa na karkarwa, ya ji ƙarfen gefensa ya gogi na ɗan Ostiriya. Mutumin ya yi wata ashar da yarensu ya buɗa. Saura ɗaya. A kwanar dama ya lafe a bayan Bafaranshen, dab da dab, ya bar shi yana fasa masa iska. Ba ya ganin komai sai jar rigar da ke gabansa da fari ko'ina. Numfashinsa ya cika masa kunne. Tsallen tsakiya ya zo, ƙasa ta ɓace, ya sauka gwiwar ta yi ƙara har cikin haƙoransa.

Can gaba, inuwar Tahiel na ƙara nisa.

Tagwayen tuddai. Kowa a ranar bi yake yi ɗaya bayan ɗaya, a hau a sauka, a hau a sauka. Akwai wata hanyar: a tashi daga na farko a tsallake ramin a dira a bayan na biyu. Wanda ya dace ya samu gudun da ba a saya da kuɗi, wanda ya gaza da taƙi ɗaya ya daki ƙirjin tudu na biyu. Irin wannan tsallen ne ya cinye wa Eliseo gwiwa a Italiya, kuma tun daga ranar ko a mafarki ya zo wurin sai ya farka. Ga shi yau ko bakin tudun ba ya gani.

Ya ce, "Ya Allah," ya taka.

Shiru. A sama babu ƙarar allo, babu ganga, sai iska. Ya ga jar riga ta wuce ta ƙarƙashinsa. Ya jira bugun da zai karya shi, bai zo ba. Allon ya dira a gangaren kamar an ɗora shi da hannu, gudu ya fizge shi gaba.

Doguwar gangara. Tahiel na gabansa, ya fara dunƙulewa, hannuwa a gaba, kai a ƙasa. Ba alamar zai rage gudu. Eliseo ya lafe a bayansa, tazarar na raguwa, amma a hankali, a hankali ƙwarai. Ta gefen ido ya ga shuɗin layi na farko ya wuce, wanda ke nuna kwana ta kusa.

"Tahiel! Dama! Dama!"

Ko gezau.

Tun suna yara Eliseo ƙafar hagu yake sa wa gaba, Tahiel ta dama. In Eliseo ya biyo ta dama, baya da baya za su haɗu, ba abin da zai iya. In ya biyo ta hagu, fuska da fuska ne. Ya fita daga inuwarsa ta hagu, iska ta dake shi a ƙirji, ya matso har ya ga bakin ƙanensa a buɗe, ya ga mamaki a fuskarsa. Gaba kuma wani abu mai duhu ya fara fitowa daga cikin farin, raga ce da turaku.

Ya rungume shi. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a bayan hula, ya manna kan a ƙirjinsa, ya jefa kansa da baya.

Bayansa ne ya fara dukan ƙasa, numfashi ya fice masa gaba ɗaya. Suka tafi suna jan ƙasa, allunan na karo, ƙanƙara na shiga masa wuya da hanci, shi dai bai saki kan ba. Ya ji gwiwar ta tafi, wannan karon gaba ɗaya, ya ji ta kamar an karya itace a cikin bargo. Bai saki ba. Suka fita daga hanya ta hagu, suka nutse a cikin ƙanƙara mai laushi, suka tsaya. Da ya buɗe ido, turken ƙarfe na farko na tsaye kusa da su, in ya miƙa hannu zai taɓa. Bafaranshen da ɗan Ostiriya suka wuce fuu, suka kwanta dama, suka ɓace.

Tahiel ya fizge kansa. Ya duba hanya, ya dubi wansa, sannan ya fara dukansa a ƙirji da hannu biyu.

"Ina gaba! Ina gaba, mugu! Baƙin ciki! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Eliseo bai kare ba. Masu ceto biyu suka iso da jajayen riguna, sai a lokacin bakin da ya ƙi buɗewa a sama ya buɗe.

"Ba ni ba, shi! Ku duba shi! Jiya ya bugu a kai, hularsa ta fashe, tana cikin motata, ni na ɓoye. Ya yi amai. Ba ya riƙe abin da aka faɗa masa. Ku riƙe masa wuya!"

Aka sauko da su a kan gadajen da ake ja bisa ƙanƙara, ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa an riga an nuna abin a babban allon talabijin, an maimaita, an sake maimaitawa a hankali: babban wa ya kamo ƙanensa yana kan gaba, ya rungume shi ya kayar. Ganguna sun yi shiru. Da aka shigo da Eliseo, fito ya tashi ta ko'ina, irin wanda muke yi wa alƙalin ƙwallo in ya sayar da wasa. Wani ya jefo ƙoƙon mate. Mutanen da suka san shi tun yana rarrafe suna kiransa da sunayen da ba zan maimaita ba.

Doña Ermelinda ta ture mai gadi ta shigo. 'Yar ƙaramar mace ce, amma ta cakumi wuyan rigarsa yana kwance ta jijjiga shi.

"Me ya yi maka? Faɗa min me ya yi maka! Ɗan'uwanka! A gaban duniya!"

"Mama..."

"Kar ka ce min Mama!"

Gefe guda likitar gasar ta durƙusa kan Tahiel, ta cire masa tabarau, ta haska masa 'yar fitila a ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta sake komawa na farkon. Tahiel na ta zagi, amma zagin ya fara jan ƙafa, kalmomin na manne wa juna. Likitar ta miƙe ta yi magana a rediyo, ba da ƙarfi ba, amma duk wanda ke kusa ya ji ta ce jirgi mai saukar ungulu, yanzu. Doña Ermelinda ta daina jijjigar. Hannunta na nan a wuyan rigar, sai dai yanzu riƙewa take yi don kar ta faɗi.

A babban asibitin lardi aka buɗe masa kai a ranar. Jini ne ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon, yana ɗiga a hankali. Likitan da ya yi aikin ya samu Eliseo a ɗakin da aka kwantar da shi da ƙafa a rataye, ya faɗa masa magana biyu ba tare da ya zauna ba. Ta farko, jinin na jiya ne, ba na yau ba, kuma da kan nan ya sake dukan wani abu mai tauri, da ba asibiti aka kawo shi ba. Ta biyu, da an kawo shi tun Juma'a, da ƙila da ƙafarsa zai koma gida cikin mako.

Alƙalai sun kore shi daga gasar, abin da bai dame shi ba ko kaɗan. A gari har yau akwai masu cewa kayarwar ce ta fasa wa yaron kai, don maganar likita ba ta gudu kamar ta mutane.

Ran Talata da hantsi aka ce Tahiel ya farka sosai. Wata ma'aikaciya ta turo Eliseo a keke har bakin gadon. Mahaifiyarsu na zaune da carbinta, ba ta dube shi ba, ba ta kuma kore shi ba. Kan Tahiel a naɗe, fuska a kumbure, ya daɗe yana kallon wansa.

"Wa ya ci?"

"Bafaranshen."

"Wannan mai tafiyar agwagwa?" Ya rufe ido. "Da na ci, ka sani."

"Na sani."

"Ina gaba."

"Kana gaba. Ba wanda ya kusa da kai."

"Sai kai, tsoho." Gefen bakinsa ɗaya ya motsa, kamar zai yi murmushi. Har sun zaci barci ya koma. Can ya yamutsa fuska. "Yaya, kwance min allon nan. Sun bar min shi a ƙafar hagu, ya yi nauyi."

Eliseo ya dubi mahaifiyarsu. Ta sa carbin a baki ta cije. Ya matsa da keken, ya ɗaga bargon. Ƙafar na nan kwance, fara, ba komai a jikinta. Ya kama ta da hannu biyu, ya matsa da ƙarfi, ya murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zubo masa a kan zanen gadon.

"Na kwance," ya ce.

Tahiel ya jira, idonsa a rufe.

"To taɓa ni mana in ji."